Galmi, Garin Albasa: Gona a Nan, Kasuwa a Bayan Iyaka

Duk matafiyin da ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas bisa babbar hanyar kwalta wadda ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, idan ya wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ya wuce Malbaza da masana'antarta ta siminti, to ba ya bukatar allo ya gaya masa cewa ya iso Galmi. In dai a watan Maris ne ko Afrilu, hancinsa zai riga idonsa sani, domin warin albasa shi ke fara tarbar baƙo tun daga bayan gari. Daga nan sai ido ya faɗa kan tsibi-tsibin albasa a bakin hanya, da buhuna jere kamar sahun salla, da manyan kamiyoyi a fake, direbobinsu na kwance a ƙarƙashi suna jiran a gama lodi.

Galmi ba babban birni ba ne. Gari ne a cikin jihar Tawa, kimanin kilomita 50 gabas da Ƙonni, a yankin tuddai da kwaruruka na Adar da Majiya. Abubuwa biyu suka fitar da sunansa. Na farko asibitin mishan da aka buɗe a 1950, wanda marasa lafiya ke zuwa daga nesa, har daga Nijeriya. Na biyu kuwa ita ce jar albasar nan mai ruwan shunayya, wadda Hausawa ke kira ƴar Galmi, masu Faransanci kuma suke ce mata Violet de Galmi. A kasuwannin Abijan da Kumasi da Lome da Kwatano akwai matan da ba su taɓa jin sunan Tawa ba, ba su san inda Madawa take ba, amma sun san Galmi, domin da sunanta suke tambayar albasa. Abin da ya sa suke nemanta a fili yake: tana da yaji, ƴar kaɗan ta ishi tukunya, tana narkewa cikin miya, kuma tana jure ajiya da doguwar tafiya fiye da sauran ire-ire.

Sunan ya fi garin girma ƙwarai. Albasar da ake kira ƴar Galmi ana nomanta a Madawa da Tamaske da Keita da Ƙonni, da kwaruruka masu yawa na ƙasar Adar, har da Agadas da bakin kogin Kwara. A shekarun baya-bayan nan abin da Nijar ke nomawa a shekara ya haura tan miliyan ɗaya, kuma jihar Tawa ce ke kan gaba. In aka ɗebe dabbobi, albasa na cikin manyan kayan gona da ke shigo wa ƙasa da kuɗi daga waje. Sunan ya yi tsadar da har wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya taɓa neman a rubuta masa shi a matsayin mallakarsa a hukumar OAPI, sai da Nijar ta tashi tsaye kafin kamfanin ya sake wa irinsa suna.

Wanda ya sauka daga kwalta ya bi ƴar hanyar ƙasa zuwa fadama zai ga inda wannan suna ya samo asali. Akwai madatsar ruwa da filin noman rani da hukumar ONAHA ke kula da shi, akwai kuma dubban ƙananan garake waɗanda kowane manomi ya haƙa rijiyarsa ko ya kafa burtsatse, ya ɗora injin ban ruwa a kai. Aikin yana farawa da ƙarewar damina. A watan Oktoba ake yafa iri, bayan kwana arba'in ko fiye a cire a yi dashe a fangali, daga nan sai ban ruwa da cirar ciyawa da zuba taki har wata uku zuwa huɗu. Albasa ba ta san hutu ba. Ranar da injin ya tsaya, ko fetur ya yanke, ranar ganye zai fara nuna alama. Idan ta ƙosa, a tone, a yanke lawashi, mata su kwashe shi su daka su shanya su yi gabu, kawunan kuwa a tara su a inuwa. Mai hali ya zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa ƙasa domin iska ta ratsa, ya jira watannin Satumba zuwa Disamba lokacin da farashi kan ninka sau uku ko fiye. Marar hali, wanda ya ci bashin taki da fetur tun a kaka, ba shi da zaɓi sai ya sayar a ranar da kowa ke sayarwa.

A bakin kasuwa ake ganin yadda ƙarfi ya rabu. Manomi na tsaye kan tsibinsa, dillali na kai da komowa tsakaninsa da baƙon da ya zo da kamiyo, ana tayi ana cewa albarka, har a kai inda za a sallama. Buhun da ake aunawa da shi ba ƙarami ba ne: ana cika shi har ya tumbatsa, a ɗinka masa ƙari a baki kamar an sa masa hula, nauyinsa ya wuce kilo 100, kuɗinsa kuwa kuɗin buhu ɗaya ne. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, ANFO, ta daɗe tana fafutukar a koma ga ƙananan buhunan raga masu awo ɗaya, an kuma gina cibiyoyin saye da sayarwa a wurare irin su Tsarnawa da Madawa domin ciniki ya zama a fili. Duk da haka, abin da ke yanke farashin buhu a Galmi ba a Galmi yake ba. Yana can a ƙarshen hanyar da kamiyo zai bi, da kuma kowace ƙofa da zai ratsa kafin ya isa.

Hanyar kuwa doguwa ce. Kamiyon da ya nufi Gana ko Kodibuwa zai yi tafiyar kilomita fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar, ko dai ta Yamai ya shiga Burkina Faso, ko kuma, a lokacin da iyakar take a buɗe, ta Doso da Gaya ya haye gadar Malanbil ya ratsa Benin da Togo. A takarda, tun 1979 ƙungiyar CEDEAO ta amince cewa amfanin gona na ƙasashenta zai riƙa wucewa ba tare da harajin duwan ba. A kan hanya kuwa direba ya san adadin shingayen da zai tsaya, ya san abin da zai miƙa a kowanne, ya kuma san cewa mai ɗauke da siminti yana iya yin gardama ya kwana uku a shinge, amma mai ɗauke da albasa ba ya iyawa, domin kayansa na zufa a ƙarƙashin tamfol. Duk abin da aka karɓa a hanya, ɗan kasuwa ya riga ya cire shi daga kuɗin da ya taya a Galmi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A can bakin teku kuma akwai abokiyar hamayya da ke jira. Ita ce albasar Holan, wadda ke zuwa a jirgin ruwa, an tace ta, girmanta ɗaya, cikin ƙananan buhuna na kilo 25, tana cika kasuwannin Abijan da Dakar musamman a watannin da ta Nijar ta yi ƙaranci. Gwagwarmayar da ke tsakanin albasun nan biyu ta fi shekara talatin, kuma sau da yawa alƙalami ne ya raba gardamar. A ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ma'aikacin gwamnati ya ji a jikinsa, domin albashinsa ya tsaya cik alhali magani da kayan masarufi sun tashi. Manomin albasa kuwa ya sami sauƙi ta wani gefen: ta Holan ta ninka kuɗi a Abijan, tasa kuma ta yi araha ga mai sayen da ke riƙe da kuɗin Gana ko naira. Faɗuwar wani, tashin wani. Daga baya ƙasashen UEMOA suka kafa harajin bai ɗaya a shekarar 2000, wanda mafi girmansa kashi 20 ne cikin 100, sannan a farkon 2015 na CEDEAO ya fara aiki, aka sa albasar da ke zuwa daga wajen yankin a mataki mafi tsada, kashi 35 cikin 100. Senegal kuwa tun 2003 ta ɗauki tata hanya: duk shekara, idan albasar manomanta ta fito, sai ta dakatar da shigo da ta waje na wasu watanni. Wannan ya nuna cewa haraji na iya zama garkuwar manomi, in an ɗora shi a ƙofar da ta dace kuma a lokacin da ya dace.

Abin da Galmi ta fi sani, amma, shi ne ɗaya fuskar, wato rufe ƙofa. Iyakar Nijeriya na nan kudu, tafiyar sa'a guda ko ƙasa da haka. Daga Ƙonni zuwa Illela ƴan kilomitoci ne, daga can zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Turawan Faransa da na Ingila ne suka ja layin a farkon ƙarnin da ya wuce, suka raba dangi da dangi, amma ko ruwan kwarin Majiya bai kula da layin ba, yana gangarawa ya zube a tafkin Kalmalo kusa da Illela. Ta wannan iyaka fetur mai araha wanda injin ban ruwa ke sha ya riƙa shigowa har zuwa 2023, ta nan takin zamani ke zuwa, da kayan gyaran injin, da buhuna, ta nan kuma wake da dabbobi da wani kaso na albasa ke fita. Manomin Galmi yana iya sayar da amfaninsa ga mutumin Kumasi, amma da kayan Nijeriya ya noma shi.

Dattawan garin ba su manta da 1984 ba. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya lokacin da take canja takardun naira, ba a kuma buɗe ba sai a watan Maris 1986, zamanin Janar Babangida. Rufewar ta haɗu da fari mai tsanani. Hatsin da aka saba samowa daga kudu ya yanke, dabbobin da aka saba kaiwa can suka rasa mai saye, har jama'a suka laƙaba wa yunwar shekarar suna El Buhari. A wannan lokaci ne gwamnatin Janar Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani, kuma garake da yawa na ƙasar Adar daga nan suka samo tushe.

Bayan shekara talatin da biyar, a watan Agusta 2019, mutumin nan dai, yana shugaban farar hula, ya sake rufe iyakar. A wannan karon shinkafa ce sanadi. Nijeriya na son manomanta su ciyar da ita, don haka ta tsauwala haraji kan shinkafar waje, har a 2013 ya kai kashi 110 cikin 100, daga baya ta hana shigo da ita ta kan tudu baki ɗaya. Maƙwabtanta kuwa harajinsu kaɗan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: shinkafar Tailan da ta Indiya ta riƙa sauka a Kwatano, wata ta ratso ta Gaya zuwa Ƙonni da Maraɗi, daga nan babura da ƙananan motoci su tsallaka da ita ta daji. Masu wannan fatauci manyan attajirai ne, sanannu a ɓangarorin iyaka biyu. Da aka rufe ƙofar, ba a tambayi kowa abin da ya ɗauko ba. Mai wake da mai rago da mai albasa duk suka tsaya tare da mai shinkafa. A watan Nuwamba na shekarar aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, daidai lokacin da ake dashe a Galmi, lokacin da injin ya fi bukatar sha. Ba a buɗe ƙofar Illela ba sai ranar 16 ga Disamba 2020. Manomin da bai taɓa ganin buhun shinkafar Tailan a gidansa ba ya biya kuɗin yaƙin shinkafa har kaka biyu.

Shekarar 2023 ta fi duka nauyi. A ƙarshen watan Mayu sabon shugaban Nijeriya, Bola Tinubu, ya janye tallafin fetur, farashinsa ya ninka kusan sau uku a can, arahar da aka gina noman rani a kanta ta tafi. Bayan wata biyu, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata kuma CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi. Nijeriya ta rufe iyakarta ta kuma yanke wutar lantarki, Benin ta rufe tata. Lokacin ya zo daidai da watannin da masu rudu ke fara fitar da ajiyarsu domin cin ribar haƙurin da suka yi. Kamiyoyin albasa da suka nufi Gana suka maƙale a bakin iyakar Benin kwana da kwanaki, cikin zafi da ruwan damina, har kayan suka riƙa ruɓewa suna ɗiga ta ƙarƙashin mota. A kasuwar albasa ta Ajen Kotoku, a bayan birnin Ankara, inda aka mayar da ƴan albasa a 2021 kuma da yawansu ƴan Nijar ne, Zabarmawa da Hausawa, buhu ya yi tsadar da mai abincin sayarwa ta koma ƙirga kawuna. A Galmi kuwa, a makon nan guda, buhu ya faɗi, domin babu kamiyon da zai ɗauka. Albasa ɗaya, mai ci na kuka da tsada, mai noma na kuka da araha, tsakaninsu gada guda ce da aka gindaya wa kwantena.

Hanyar da ta rage ita ce ta Burkina Faso, inda motoci ke jira a tara su a yi musu rakiyar soja saboda ƴan bindiga, tafiyar kwana huɗu ta koma ta makonni. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta bar tata iyakar da Benin a rufe bisa dalilan tsaro, har shekarar 2025 ta shigo gadar Malanbil ba ta koma aiki ba. A ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata, a watan Maris kuma ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya sanar da harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigo musu daga waje. Ga manomin albasa, tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce ta Gana. Kodibuwa da Togo da Benin suna tare da Nijar a UEMOA, kuɗinsu ɗaya. Gana ba ta ciki, alhali ita ce babbar mai saye, kuma yarjejeniyar CEDEAO ce kaɗai ta sa ƴar Galmi ke shiga can a matsayin ƴar gida. A lokacin ficewar, CEDEAO ta ce a ci gaba da mu'amala da kayan ƙasashen uku kamar da, har sai an yi sabon shiri. Duk ranar da wannan sassauci ya ƙare ba tare da an ƙulla wani abu a madadinsa ba, jar albasar Adar za ta tsaya a layi ɗaya da ta Holan a gaban ɗan duwan, ita kuwa ta Holan ba ta biyan kuɗin shinge ko ɗaya a kan teku.

Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Yamai ko a Tawa, wanda takardar rufe iyaka ko ta sabon haraji kan bi ta hannunsa, ya kamata ya san kalandar fadama kamar yadda ya san ta albashi. Dokar da aka sa wa hannu a watan Nuwamba tana faɗawa kan dashe, wadda aka sa wa hannu a watan Afrilu tana faɗawa kan tsibin da ke bakin hanya, kuma albasa ba auduga ba ce da za a jibge a sito a jira a sasanta. Shi ma ɗan kasuwa yana da nasa rabon. Kuɗin da ke tafiya wajen sayen sabon kamiyo, da an karkatar da wani abu daga cikinsa zuwa ɗakunan ajiya masu iska da masana'antar busar da albasa, da rufe gada na wata biyu bai zama asarar shekara guda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da la'asar, idan rana ta yi sanyi, kasuwar Galmi takan ɗauki wani sabon motsi. Ƴan dako su biyu-biyu suna ɗaga buhu suna hawa katako da shi zuwa cikin mota, mai ɗinki na bin baki da basilla, yara na tsintar kawunan da suka gangaro. Gefe guda manoma na zaune bisa tabarma an kewaye rediyo, ko wayar salula ta ɗaya daga cikinsu, ana sauraren labaran duniya na sashen Hausa. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa zuwa Abuja ko Kwatano ba sun san sunan kowane shugaba na yankin, sun san ranar kowane taron ƙoli, domin sun ga yadda magana ɗaya a can ke sauya kuɗin buhu a nan kafin gari ya waye. Da an kira magariba sai a naɗe tabarma. Direban da ya gama lodi ya ɗaure tamfol, ya yi salla, ya tambayi wanda ya iso daga yamma wace hanya ce a buɗe a wannan mako, sannan ya tayar da mota. A fadama kuwa injin wani manomi da bai gama tono ba yana ta bugawa, yana shan fetur ɗin da aka saya bashi. Allah ya kai kaya lafiya, ya sa a sayar da daraja.